Mahfuzu Na-Gabon Ya Je Neman Gadi

Ranar da Mahfuzu ya dawo Garwa bayan shekara biyu, da leda ɗaya ya sauko daga motar Ngawundere. Amma kafin mai moton, wato ɗan acaɓan da ya ɗauko shi, ya kawo shi unguwar Hausare, ya riga ya ji daga bakin Mahfuzu cewa sauran kayan na tafe a kwantena. Daga Gabon yake, in ji shi. Can ya yi shekara biyun yana shugabancin masu gadin wani kamfanin katako, mutum arba'in a ƙarƙashinsa, ban da karnuka.

Duk unguwa kuwa an san inda ya je. Yaya za a yi a kasa sani, bayan kowane wata yayarsa Kaltumi sai ta ɗaure ƙuli-ƙuli da garin rogo ta kai tasha, ta ce wa direba da muryar da ake ji har bakin titi a miƙa wa ƙaninta a gidan yari? Moto ya sata, wato babur, alƙali ya ba shi shekara biyu. Sai dai mutanen Hausare ba sa ɓata wa kansu nishaɗi, suka bar shi da Gabon ɗinsa. A teburin Brahim mai shayi aka raɗa masa Na-Gabon, shi kuma yana amsawa da ɗaga hannu kamar mai neman ƙuri'a.

Brahim ɗin nan ya gama jami'a, ya karanta ilmin ƙasa, takardarsa na cikin akwati shekara shida, shi yana fifita gawayi. Shi ne ya fi kowa jin daɗin Mahfuzu. Wata safiya ya tambaye shi yaya tekun Libreville, babban birnin Gabon, yake. Mahfuzu ya kurɓi shayi ya ce ba wani abin a zo a gani ba ne, in watan Maris ya kama ja da baya yake yi kamar Binuwai, har mata su shiga su noma albasa a cikinsa. Brahim ya ce lallai, malamansu sun ɓoye musu abubuwa da yawa. Wani dattijo a gefe ya ƙware da burodi.

Abu ɗaya ne a jikin Mahfuzu ya ƙi yarda da Gabon, wato gwiwarsa. A gidan yari safe da yamma ake ƙidaya fursuna. Gandiroba zai busa usur sau biyu, gajere da dogo, kowa ya zube a tsugune, layi biyar-biyar, hannu a ka, ya faɗi lambarsa. Wanda ya yi nawa sai ya wuni a rana. Shekara biyu ana yi, har abin ya bar kai ya sauka ƙafa. Ranar da ya raka Kaltumi kasuwa, ɗan sandan shataletale ya busa wa wata mota usur, sai ga Mahfuzu ya yi rabin tsugune a tsakiyar mutane. Ya wayance da cewa igiyar takalminsa zai ɗaure. Kaltumi ta dubi ƙafar, silifa ce. Ta ajiye abin a ranta.

Kaltumi mace ce da ba ta da lokacin ƙawa. Man gyaɗa take matsa, tana soya ƙuli-ƙuli, da shi ta riƙe gidan tun rasuwar mijinta. Mai tura mata puspus, wato amalanken hannun da ake ɗauko mata buhunan gyaɗa daga kasuwa, ya koma Yaguwa noman shinkafa, sai ta ce wa Mahfuzu ga aiki ya faɗo masa har gida. Ya dafe ƙirji ya ce shi, da ya riƙe mutum arba'in, zai tura puspus ta gaban teburin Brahim? Ya ce ta ba shi 'yan kwanaki kawai, manyan wurare na zawarcinsa.

Wata uku ya yi yana yawo. Gari ya yi tsauri, shaguna na rufewa, masu moto sun fi fasinja yawa. Inda duk aka ce akwai gurbi, gidan mai ko otal ko kantin magani, kafin ma a tambayi sunan mutum sai a ce ya kawo kaziye. Takarda ce daga kotu da ke nuna ko an taɓa ɗaure ka. Wanda bai da laifi a rubuta masa kalma ɗaya a ja layi, mai laifi kuwa a zayyana masa abinsa. Da Mahfuzu ya ji kalmar kaziye sai ya gyara wuyan riga ya fito, ya dawo gida ya ce albashinsu bai kai ya tashi da safe ba.

Ran nan Kaltumi ta ajiye masa tuwo, ta tsaya a kansa.

"Na-Gabon, saurara. Litinin mai zuwa ta sama, ko dai ka shigo gidan nan da aiki a hannunka, ko ka kama hannun puspus. In duka biyun ba su yi maka ba, ɗakin da kake kwana buhuna zan zuba."

"Adda, ke ba ki san darajar mutum ba."

"Na san nauyin cikinsa dai. Ni nake auna garin."

Allah da ikonsa, a satin nan aka manna sanarwa a ƙofar mangazar, wato siton Madam Honorine, babbar 'yar kasuwar da ke tara shinkafa da albasa a bayan babbar kasuwa. Ɓarayi sun shigar mata sau biyu, tana neman masu gadi mutum biyu. A zo Litinin ta sama da safe, da katin ɗan ƙasa da kaziye. Brahim ne ya karanta wa 'yan teburinsa, ya ce shi ma zai je ya gwada. Mahfuzu ya yi dariya ya ce gurbi ɗaya dai ya rage, ɗayan nasa ne, kuma ba gadi zai tsaya yi ba, cikin wata guda shi zai zama shef, shugaban masu gadin.

Da mutane suka watse ya matso kusa da Brahim, ya ce yana da wani aboki. Abokin nan an taɓa yi masa sharri a Ngawundere. To ashe in ya nemi kaziye a nan Garwa, inda ba a taɓa ko kai shi kumisariya wurin 'yan sanda ba, ba fara tas za ta fito ba? Brahim ya ce ya gaya wa abokin nan nasa takardar ba a nan take tsayawa ba. Mahfuzu ya ce abin da ke damun masu boko ke nan, tsoro. Tsakanin Ngawundere da Garwa akwai dutse, akwai daji, akwai gadoji, wa zai ɗauko laifin mutum a ka ya tsallako da shi?

Ya je kotu, ya sayi tambur, wato kan sarki, ya manna, aka ce ya dawo bayan kwana uku. Ranar karɓa ya tsaya a layi yana ba na kusa da shi labarin karnukan Gabon. Yana leƙen takardun waɗanda suka riga shi, kowa kalma ɗaya da layi. Tasa ta fito da rubutu sahu uku.

Ya koma tagar ya ce an yi kuskure. Matar da ke wurin ta duba littafinta, ta tambayi sunan uwarsa da na ubansa, ta ce babu kuskure. Ta rage murya za ta karanta masa, ya ce a'a, ta ɗaga murya, shi ba shi da abin ɓoyewa. Ta dube shi ta saman tabarau, ta ɗaga. Satar moto, shekara biyu, Ngawundere, wata kaza, shekara kaza. Sannan ta yi masa bayani kamar mai koya wa yaro alwala, cewa ko a ina aka yanke wa mutum hukunci, kotun garin da aka haife shi ake aika wa, a nan ake ajiyewa. Shi kuwa a Garwa aka haife shi. Na bayansa a layi, wanda ya sha labarin karnuka, ya tambaye shi ko karnukan ma tare aka ɗaure su.

Bai karaya ba. Da azahar, Kaltumi na wajen injin niƙa, ya ɗauko kwalbar jabel, ruwan bilic ɗin da take wanke buhuna da shi, ya naɗa auduga a tsinke. Ya taɓa ganin jabel ya cire tabon manja daga farar riga, to tawada me ce? Ya ɗiga, ya goga. Rubutun ya dusashe, ya ƙara. Sai takardar ta yi laushi, ta huje, rami ya fito daidai faɗin kwalin ashana. Garin tsalle ya ture kwalbar, ta zube masa a cinya, wandonsa ɗaya tilo na fita ya yi farin tabo daga gaba, a wurin da ba a so. Kaltumi ta dawo ta tarar da gidan na warin asibiti. Ta ɗaga takardar, ta hango shi ta cikin ramin da ido ɗaya, ta ce yanzu kam ta yi tsabta, har iska na wucewa.

Ya ce ta jira ta ga aikin masu basira. Ya yanko farar takarda ya liƙe ramin ta baya da ƙullun rogo, ya kai shagon fotokopi, aka buga masa. Ramin ya ɓace. Ya ari biro da rula ya ja layi kamar yadda ya gani a na mutane. Tambarin kotu da ya kamata ya zama shuɗi ya fito baƙi, amma ya ce Madam Honorine albasa ta sani, ba tambari ba.

Daga nan ya shiga gwanjo ya sayo kayan aiki, don a gan shi a san ba a yau ya fara ba. Riga shuɗiya mai igiyoyin zinariya a kafaɗa, wadda mai gwanjon ya rantse ta wani janar ce, ko da yake kowa ya san irin ta masu buga ganga ce ranar fareti. Hular sanyi, baƙin tabarau, da takalmin soja da ya fi ƙafarsa ƙanƙanta da lamba biyu. Wandon dai shi ne mai tabon, sai ya saki rigar a kai.

Litinin da safe ya isa ƙofar mangaza yana taka ƙasa kamar mai tafiya a kan ƙaya. Mutum fiye da sittin ya tarar saboda gurbi biyu. Akwai tsofaffin malaman makaranta, akwai masu moton da aka ƙwace wa moto, akwai Brahim da takardun jami'arsa a leda. Rana ta fito da zafinta na Garwa, gumi na bin hular sanyin yana ɗiga ta ƙarƙashin tabarau. Mahfuzu ya ratsa har gaba yana cewa a ba ma'aikata hanya.

Madam Honorine na zaune a bakin ƙofa kan kujerar roba, makullai a ƙugunta. A gefenta wani dattijo ne gajere mai faɗin ƙirji, wanda ta ɗauka ya shugabanci masu gadin, ana ce masa Shef Fabien. Mahfuzu ya ƙame ya sara mata, ya miƙa takardarsa kafin a tambaya, ya fara da mutum arba'in, ya ƙara goma a hanya. Madam ta juya takardar gaba da baya, ta shinshina, ta ce me ya sa tambarin baƙi ne. Ya ce sabon tsari ne, bai daɗe da zuwa daga Yawunde ba. Ta tambaye shi a wace unguwa ya zauna a Libreville, don ƙanwarta na can. Ya ce bayan tasha, kusa da mai shayi.

Ana cikin haka na baya suka ga ɗaya ya tsallake layi, suka fara turowa. Hayaniya ta tashi, aka ture teburin, takardu suka watse. Shef Fabien ya yi tsawa da Faransanci, ba wanda ya ji. Ya yi da Fulatanci, ba wanda ya ji. Abin da ba wanda ya sani shi ne, kafin ya yi ritaya shekara talatin ya yi yana gandiroba. Hannunsa da kansa ya shiga aljihu ya ciro usur, ya busa yadda ya saba, gajere da dogo.

Mahfuzu bai san lokacin da ya kai ƙasa ba. Takalmin soja, rigar janar, tabarau, duk suka zube tsugune, hannu biyu a kan hular sanyi.

"Sha huɗu, prezan, Shef!"

Mahfuzu ya buɗe ido a hankali, yana neman igiyar takalmin da zai ce yana ɗaurewa. Sai ya ga ba shi kaɗai ba ne. Nan da can cikin taron, mutum shida ne a tsugune, hannu a ka, kowa na kallon ƙasa. Ɗaya ma har ya ja tsugunensa ya matso kusa da na gabansa don layi ya daidaita. Shef Fabien kuwa ya riga ya miƙa yatsa yana ƙidaya su, ya kai biyar kafin ya tuna ya yi ritaya. Ya ɓoye yatsan a bayansa.

Dariya ta ɓarke har masu dakon albasa suka ajiye buhuna. Brahim ya jingina da bango yana share hawaye, yana cewa ashe Gabon da mutane.

Madam Honorine ba ta yi dariya ba. Ta ce su tashi su zo gabanta su bakwai. Ta ce ita masu kaziye fari tas ta ɗauka bara, kuma a gabansu aka kwashe mata buhu tamanin suna barci. Kowa ya faɗi abin da ya kai shi, kada a yi mata ƙarya. Suka faɗa ɗaya bayan ɗaya, faɗa a mashaya, awaki, wayar wuta. Wani siriri mai suna Maxime, wanda duk tsawon lokacin bai kalli kowa ba, ya ce shi shaguna yake fasawa ta rufi, ya yi shekara huɗu, ya tuba, 'ya'yansa uku. Ya ce in Madam ba za ta ji haushi ba, tun da ya zo yake kallon kwanon rufinta na kusurwar yamma, ƙusa biyu ne kawai ke riƙe da shi, kuma reshen darbejiyar can ya kai har kansa. Madam ta dubi Shef Fabien. Ta nan aka shiga duka sau biyun. Ta ce wa Maxime ya tsaya gefe.

Mahfuzu na ganin inda kasuwa ta juya, sai ya cire tabarau.

"Madam, tunda abin gaskiya ne, bari in faɗa miki. Duk waɗannan yara ne. Ni ne wanda ya hana Adamawa barci. Moto ɗari biyu suka bi ta hannuna, jandarma mota uku aka turo kafin a kama ni, kuma sai da na ga dama."

"Guda ɗaya ne, kuma bai tashi ba."

Muryar daga baya ta fito. Kaltumi ce, ta zo sayen gyaɗa a mangazar da ke kusa, tana tura puspus ɗinta da kanta, ta tsaya tun busar usur. Mahfuzu ya ce Adda ta rufa masa asiri, ta ce asirin da ya buɗe da gwiwarsa? Ta gaishe da Madam, sannan ta ba da labarin kamar yadda ta ji shi a kotu. Ya ga moto a ƙofar wani gidan abinci a Ngawundere, ya haye, ya yi ta buga kik ya ƙi tashi. Sai ya tura shi har layi uku ya kai wa bakaniken farko da ya gani, ya ce a duba masa. Bakaniken ya dubi moton, ya dubi Mahfuzu, ya ba shi benci ya zauna, har da ruwan sanyi. Ashe moton na bakaniken ne, ya bar shi can ne don filogi ya mutu, ya dawo shago ɗauko sabo. Jandarma suka zo a ƙafa, mutum biyu, suka tarar da Mahfuzu na rigima a rage masa kuɗin gyara.

Wannan karon har Madam Honorine sai da ta rufe baki da gefen zane. Da ta huce ta ce ita ba ta ƙin wanda ya yi laifi ya biya, shaida ga Maxime nan. Amma mutumin da ya kai wa mai kaya kayansa da hannunsa, in ta ba shi makulli, ɓarawo zai nema ya miƙa wa ya ce ya riƙe masa. Gurbi na biyu ta ba Brahim, ta ce aƙalla zai iya karanta takardar direbobi.

Shef Fabien ya tsinci fotokopin daga ƙasa, ya ja Mahfuzu gefe, ya danƙa masa a hannu. Ya ce masa a hankali, da murya irin ta wanda ya ga mutane da yawa sun fita sun dawo, wannan layin da ya ja da rula ya fi satar moto tsada a wurin alƙali, ya kai ta murhu tun kafin mai kaki ya gani. Kaltumi ta fizge takardar ta cusa a lalitarta, ta ce za ta hura wutar suya da ita.

Aka ɗora buhu uku na gyaɗa a puspus. Kaltumi ta saki hannun, ta koma gefe ta tsaya. Mahfuzu ya dubi puspus, ya dubi hanyar Hausare, ya tuna ɗakin da za a zuba wa buhuna. Ya cire takalmin soja ya ɗora a kan kaya, ya kama, ƙafa ba takalmi, igiyoyin zinariya na lilo a kafaɗa.

Ba su kai shataletale ba ya fara gaya wa wani mai lemo cewa shi ya ƙi aikin, don ya ga harkar sufuri ta fi gaba. Da puspus ɗaya ake farawa, in ji shi, kafin azumi zai sa biyar a hanya, har Yaguwa, kuma yana neman yara masu ƙarfi.

Kaltumi ta bar shi yana zuba, ta tsaya wurin wani mai tireda ta sayi abu ƙarami ta ƙulle a bakin zane.

Washegari rana ta fito har ta haye katanga, Mahfuzu na kwance yana cewa shugaban kamfani ba ya fita da wuri. Kaltumi ta tsaya a ƙofar ɗakin, ta kwance bakin zane, ta kai abin bakinta. Gajere da dogo.

Tun daga ranar, gyaɗar Adda Kaltumi ba ta ƙara makara ba.